Kafa cajar motar lantarki a gida: inda kuɗina ya tafi da irin aikin da aka yi mini

Wata takwas ke nan da aka kafa mini cajar mota a bangon garejin gidana, kuma da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi, domin aikin wutar lantarki ba a sanin ingancinsa ranar da ma'aikata suka tattara kayansu. Sai an yi ta amfani da shi dare bayan dare kafin a gane ko da gaskiya aka yi shi. Ba zan ambaci sunan kamfanin da ya yi mini aikin ba, saboda akwai wuraren da zan yaba musu, akwai kuma wuraren da zan koka da su. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuɗin wannan aiki yake taruwa, domin na lura cewa masu sayen motar lantarki da dama, kamar yadda ni ma na yi, suna duba farashin da aka rubuta a talla su ɗauka lissafi ya ƙare, alhali wani lokaci ko rabinsa ba a kai ba.

Motar ta zo da wayar caji irin wadda ake sakawa a soket na ɗaki, kuma da ita na yi watanni biyu na farko. Wayar tana jan amfiya 10 a wuta mai volt 230, wato kilowat 2.3, batirin motata kuwa yana ɗaukar kilowat-awa 60, don haka cika shi tun daga ƙasa yana cin sama da awa 26. Jinkirin bai dame ni ba kamar zafin da nake ji a jikin soket ɗin kowace safiya. Soket na gida an yi shi ne domin abubuwa irin su dutsen guga, waɗanda ke jan wuta mai yawa na ɗan lokaci su huta. Mota kuwa tana ja awa goma ba tsayawa, kuma duk inda haɗin waya ya ɗan yi sako-sako, nan zafi yake taruwa. Ranar da na ga robar soket ɗin ta fara sauya launi, ranar na yanke shawarar neman masu kafa caja ta dindindin.

Kamfanin yana tallata farashi guda wanda ya ce ya haɗa caja da kafawa. Sai da na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan tallar na ga abin da suke nufi: kebul da bai wuce mita 10 ba, a manne a jikin bango ba tare da haƙa ba, a huda bango sau ɗaya, kuma akwatin rarraba wutar gidan yana da sauran gurbi. Gidan da ya cika waɗannan sharuɗɗa zai biya farashin talla, amma gidaje da yawa an gina su ne tun ba a tunanin wata rana mota za ta sha wuta daga gare su. Sun nemi in aika musu hotunan mitar wuta, da akwatin rarraba wuta, da wurin da nake ajiye mota, kuma bisa hotunan suka aiko mini da ƙiyasi na farko, wanda bai yi nisa da farashin talla ba.

A wajen mai sayarwa na fara cin karo da abin da ban ji daɗinsa ba. Ya yi ta kwaɗaita mini caja mai kilowat 22, yana cewa saurinta ya ninka na mai kilowat 7.4 har sau uku. A takarda maganarsa gaskiya ce, sai dai bai tambaye ni abubuwa biyu da ya kamata ya fara da su ba. Caja mai kilowat 22 tana buƙatar wuta mai layi uku, gidana kuwa layi ɗaya ne ya shigo masa, kuma layi ɗaya mai amfiya 32 iyakarsa kilowat 7.4. Abu na biyu shi ne, akwatin da ake kafawa a bango, duk da cewa muna kiransa caja, ba shi ne ke cajin batir ba. Aikinsa ya miƙa wa mota wutar AC, wato irin wutar da ke shigowa gida daga kamfanin wuta, cikin aminci, ya sanar da ita iyakar abin da za ta iya ja, ya kuma yanke wutar idan wani abu ya ɓaci. Na'urar da ke juya AC zuwa DC ɗin da batir ke sha tana cikin motar ne, kuma ita ma tana da iyakarta. Motoci da yawa ba sa wuce kilowat 11 ko da an ba su layi uku, wasu ma kilowat 7.4 ne ƙarshen abin da suke karɓa. Da na biye masa, da na biya ƙarin kuɗi a kan saurin da gidana ba zai iya bayarwa ba, motata kuma ba za ta iya karɓa ba, kuma ina ganin kamfanin da ke sayar da kayan wuta bai kamata ya bar mai saye ya gano wannan da kansa ba.

Wanda ya gyara mini sunan kamfanin shi ne injiniyan da suka turo ya duba gidan kafin a sa ranar aiki. Ya fi awa ɗaya yana aune-aune: ya buɗe akwatin rarraba wuta, ya duba babban fis ɗin da ke gefen mita, ya gwada haɗin ƙasa na gidan, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta kuɓuce cikin ƙasa, da na'urarsa, sannan ya bi hanyar da kebul zai bi da tef ɗin awo a hannunsa. Bayan kwana biyu ƙiyasi na biyu ya iso, kuma ya kusa ninka na farko. Na kira shi raina a ɓace, na ce, "Injiniya, ai ba haka muka yi da kamfaninku ba." Ya amsa cikin natsuwa, "Ranka ya daɗe, farashin cajar bai motsa ba. Gidan ne yake da buƙatu, kuma idan ka ba ni lokaci zan bi da kai layi-layi." Haka kuwa ya yi, kuma daga bayaninsa na fahimci inda tsadar wannan aiki take.

Abu na farko nisa ne. Daga akwatin rarraba wuta zuwa garejin mita 24 ne, kuma mita 7 daga ciki sai an bi ta ƙarƙashin daɓen farfajiya. Kebul ɗin da zai ɗauki amfiya 32 na tsawon awa takwas ba irin na fitila ba ne. Ya zaɓi na jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 6, mai sulken ƙarfe a jikinsa saboda za a binne wani ɓangarensa, ya kuma bayyana mini cewa da nisan ya fi haka sosai, da sai an koma mai milimita 10, domin ƙarfin wuta yana raguwa a doguwar waya siririya, abin da ya ragu kuma zafi yake zama a jikin wayar. Jan ƙarfe yana da tsada, kuma kowace mita da aka ƙara tana zuwa da kuɗin kebul, da na maƙalai, da ladan wanda zai ja shi. Haƙa kuwa, da fasa daɓe da mayar da shi, aiki ne daban mai nasa lada. Wannan kaffa-kaffa da ake yi da wutar da ke daɗewa tana gudana ba ra'ayin injiniya ɗaya ba ne. A ƙa'idar aikin lantarki ta Amurka, alal misali, ana lissafa layin caja a kan kashi 125 cikin ɗari na abin da take ja, ta yadda caja mai amfiya 48 sai an ba ta bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan an ja fiye da kima, mai amfiya 60. Duk wanda ke son rage kuɗin wannan aiki, wurin da zai fara dubawa shi ne ko zai iya ajiye motarsa kusa da inda wuta ta shigo gidan.

Abu na biyu shi ne akwatin rarraba wuta da kayan kariya, kuma a nan na fi ƙaruwa da ilimi. Akwatin gidana a cike yake, babu gurbin ƙara bireka, don haka sai da aka kafa ƙaramin akwati na biyu domin cajar kaɗai. A cikinsa aka sa bireka, da na'urar kare kaya daga bugun wuta mai zuwa kwatsam, da kuma na'urar da masu aikin wuta ke kira RCD, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan ta ga miliamfiya 30 na zurarewa zuwa ƙasa, wataƙila ta jikin mutum. Matsalar mota ita ce, idan na'urarta ta samu tangarɗa, tana iya zurarar da wutar DC, kuma DC da ya wuce miliamfiya 6 yana iya makantar da RCD na yau da kullum, ya kasa yanke wuta a lokacin da aka fi buƙatarsa. Mafita biyu ce: ko a sa RCD nau'in B, wanda ke gane DC amma yana da tsada ƙwarai, ko a sayi cajar da ke da wannan kariya ta miliamfiya 6 a cikinta, sai a haɗa ta da RCD nau'in A mai sauƙin kuɗi. Injiniyan ya nuna mini cewa cajar da na zaɓa tana da kariyar a ciki. Daga nan na gane cewa caja mai arha da ba ta da wannan kariya ba ta rage wa mutum komai ba, kuɗin kawai ta tura zuwa cikin akwatin wuta, kuma abin tsoro shi ne ma'aikacin da bai san aikinsa ba yana iya kafa ta ba tare da kariyar gaba ɗaya ba, mai gida kuma ba zai taɓa sani ba sai ranar da abu ya faru.

Abu na uku ne ya fi tayar mini da hankali, kuma a kansa kamfanin ya fi cancantar yabo. Babban fis ɗin gidana amfiya 60 ne, cajar kuma za ta ɗauki 32, wato fiye da rabi. Idan murhun lantarki da hitar ruwa da na'urar sanyaya ɗaki suka haɗu da mota a lokaci guda, fis ɗin zai iya ƙonewa gida ya faɗa duhu. Na ɗauka dole sai an nemi kamfanin wuta ya ƙara ƙarfin layin da ya shigo gidan, aikin da kan ci kuɗi da lokaci fiye da kafa cajar kanta. Injiniyan ya kawo shawarar da ta fi sauƙi: ɗan maƙali da ake sawa a kan babbar wayar da ta fito daga mita, yana auna abin da gida ke sha a kowane lokaci yana sanar da caja. Ƙa'idar IEC 61851 da cajojin gida ke bi ta tanadi sigina da caja ke gaya wa mota amfiya nawa za ta ja, kuma ana iya sauke shi har zuwa amfiya 6. Na sha gani a manhaja cajar ta sauko daga 32 zuwa 14 lokacin da ake girki, ta sake hawa idan an gama. Ƙarin kuɗin wannan maƙali kaɗan ne, kuma da kamfanin ya ga dama, da ya bar ni na bi hanya mai tsada.

A kan bakin cajar ba mu yi doguwar magana ba, domin motata tana amfani da Type 2, wanda kamfanin Mennekes na Jamus ya tsara kuma Tarayyar Turai ta ɗauka a dokarta ta 2014 domin wuraren cajin jama'a. Amma wanda ya sayi motar da aka ƙera domin wata kasuwa ya duba da kyau: akwai Type 1 na Amurka da Japan, akwai GB/T na Sin, akwai kuma na Tesla, wanda tun 2023 kamfanoni irin su Ford da General Motors suka sanar za su koma gare shi a Arewacin Amurka. Na zaɓi caja mai wayarta a jiki, mai tsawon mita 5, domin ta fi mai dogon waya sauƙin kuɗi, kuma wannan tsimi ne da nake da-na-sani a kansa, saboda dole kullum in shigo da mota da baya kafin wayar ta kai.

Ranar aiki an ɗaga ta sau biyu, kuma a karo na biyu ba a sanar da ni ba sai da safe, bayan na riga na ɗauki hutu daga wurin aiki. Da suka zo, su biyu ne, kuma aikin da aka ce na yini ɗaya ya ci yini ɗaya da rabi. Aikin wutar kansa ba ni da abin cewa a kansa. Kebul ɗin ya tafi a miƙe, maƙalai a jere daidai, an rubuta sunan kowane bireka, kuma kafin su haɗa motata sun jona wata na'ura da ke kwaikwayon mota, suka gwada ko cajar tana yanke wuta idan haɗin ƙasa ya katse, suka auna lokacin da RCD ke ɗauka kafin ya faɗi, sannan suka ba ni takardar shaida mai ɗauke da sakamakon. Wannan gwaji yana cikin abin da mutum ke biya, ko da yake ba a ganinsa a bango, kuma ban ba kowa shawarar ya karɓi aikin caja ba tare da irin wannan takarda ba, domin kamfanin inshora da mai garantin caja duk suna iya neman ta.

Inda suka gaza shi ne ƙarasa aiki. Daɓen da suka fasa sun mayar da shi a karkace, ruwa yana kwanciya a wurin, kuma ramin da suka huda a bango sun bar shi ba a toshe ba. Sai da na kira sau uku kafin aka turo wanda ya gyara bayan mako biyu. Akwai kuma kuɗin da babu wanda ya faɗa mini: cajar tana buƙatar intanet domin a tsara mata lokacin caji daga manhaja, siginar gidana kuwa ba ta kai gareji, kuma injiniyan, duk da tsantseninsa, bai gwada wannan ba ranar dubawa. Sai da na sayi na'urar ƙara sigina da kuɗina. Wannan ba ƙaramin abu ba ne yanzu, domin cajoji suna ƙara dogara da intanet. A Birtaniya ma tun 30 ga Yuni 2022 doka ta wajabta cewa cajojin gida da ake sayarwa su zama masu iya tsara lokaci da sadarwa. Kamfanin da ke kafa irin wannan caja ya kamata ya auna sigina kamar yadda yake auna nisan kebul.

Da na zauna da rasit na ƙarshe, cajar kanta ta ci kusan kashi biyu cikin biyar na kuɗin. Kebul da haƙa sun ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sabon akwati da kayan kariya da maƙalin auna wuta kusan kashi ɗaya cikin biyar, sauran kuma ladan kafawa ne da gwaji da takardun sanar da kamfanin wuta, waɗanda su suka cike suka aika, abin da ya hutar da ni. Wannan rabo na gidana ne. Wanda mitarsa ke jikin bangon gareji zai ga cajar ta ci mafi yawan kuɗinsa, wanda kuma sai an sauya masa layin shigowa zai ga ta zama ƙaramin kaso. A wasu ƙasashe akwai tallafin gwamnati ko ragin haraji a kan wannan aiki, kuma ya kamata a bincika tun kafin a biya, domin sau da yawa sharaɗin shi ne ma'aikaci mai rajista ya yi aikin.

Akwai gaskiya ɗaya da kamfanin bai faɗa mini ba, wadda nake ganin haƙƙin mai karatu ne ya ji. Motata tana cin kimanin kilowat-awa 17 a kowace kilomita 100, ni kuma nakan yi kilomita 50 a rana. Idan aka haɗa da abin da ke salwanta wajen caji, wanda a lissafina ya kusa kashi 10 cikin ɗari, abin da nake mayarwa kowane dare bai kai kilowat-awa 10 ba, kuma cajar tana gama shi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Wanda tafiyarsa ba ta wuce haka ba, soket mai ƙarfi da aka ja masa layinsa daban, da kariyar da ta dace, zai iya isarsa, domin kilowat 2.3 na awa goma ya fi ƙarfin kilomita 100. Ni na tsaya a kan caja ta bango ne saboda ina yin doguwar tafiya sau biyu ko uku a wata, ina buƙatar batir ya cika cikin dare ɗaya, kuma inda farashin wuta ke sauka da tsakar dare, caja mai sauri ce ke iya gama aikinta cikin 'yan awannin da wutar take da arha.

Zan sake kiran wannan kamfani idan buƙata ta taso, amma da sharaɗi biyu: ba zan karɓi wani ƙiyasi da aka yi bisa hoto ba sai injiniya ya zo da ƙafarsa, kuma sai an rubuta mini kowane kaya da kowane lada a layinsa, har da gyaran daɓe da bango. A wata takwas ɗin nan cajar ba ta taɓa tsayawa ba, kebul bai taɓa ɗumi fiye da kima ba, kuma RCD yana faɗuwa daidai duk lokacin da na danna maɓallin gwajinsa. Garantin cajar shekara uku ne, na aikin hannu kuma shekara ɗaya. Kafin a rufe ramin farfajiya, injiniyan ya ba ni shawarar a kwantar da bututu a cikin ramin, babu komai a cikinsa sai igiyar ja, domin idan wata rana aka sami mota ta biyu ko aka so jan wayar intanet zuwa gareji, ba sai an sake fasa daɓe ba. Kuɗinsa shi ne mafi ƙanƙanta a rasit ɗin, kuma a wata mai zuwa nake shirin jan wayar intanet ta cikinsa.